Fankar hurawa ko fankar zuƙa? Abin da ya faru da wata tukunyar tururi mai cin itace

An kira ni masana'antar ne kwana biyu bayan harshen wuta ya taso ta ƙofar tukunya ya ƙona wa mai iza wuta hannu, tun daga wuyan hannu har gwiwa. Dattijo ne da ya daɗe a bakin aikin, kowa a wurin Baba yake ce masa. Na tarar an riga an yanke hukunci a ofis cewa sakaci ya yi. Manaja kuma yana da buƙata guda: in duba fankar da ke hura wa wutar iska in faɗa masa girman wadda za a saya ta maye gurbinta, domin tururi ya ragu, katako ba ya bushewa a kan lokaci. Makanikin masana'antar yana gefe yana cewa a cire fankar nan ɗungurungum a sa wadda ke zuƙar hayaƙi. Gardamar da na tarar ke nan, kuma ta ɗauke mu makonni kafin kowa ya ga abin da ma'auni ke nunawa.

Masana'antar katako ce. Tana yanka gungume, tana busar da katakon a ɗakunan da tururi ke ɗumamawa, sannan tana ƙona ragowar a tukunyar: ɓallin katako, ɓawo da garin zarto. An ƙera tukunyar don ta ba da tan 2 na tururi a awa. A gabanta akwai ɗakin wuta na bulo, da ragar ƙarfe da itacen ke kwanciya a kai, da ƙofar da ake buɗewa ana zuba itace da hannu kusan kowane minti goma. Hayaƙi yana bi ta cikin bututan da ruwa ya kewaye, ya fita ta dogon bututun hayaƙi mai tsayin mita 15.

Yadda aka zo nan

Shekarun farko babu fanka ko ɗaya. Busasshen katako ake ƙonawa, dogon bututun nan kuma shi ke jan iska da kansa. Dalilin jan ba ɓoyayye ba ne. Iska mai sanyin digiri 20 tana da nauyin kusan kilo 1.2 a kowace kubik mita, hayaƙi mai zafin digiri 220 kuwa bai wuce kilo 0.7 ba. Mai nauyi tana danna marar nauyi ya tashi sama. In aka lissafa wannan bambanci a tsayin mita 15, ƙarfin jan bai wuce abin da zai ɗaga ruwa milimita 7 a cikin tiyo ba. Ƙarfi ne ƙanƙani, amma ya ishi busasshen itacen da aka jera da sarari a tsakani.

Da aiki ya ƙaru sai ɗanyen itace ya yi yawa a cikin abin da ake zubawa. Itacen da aka sare kwanan nan rabin nauyinsa ruwa ne, wani ma ya fi haka. Kilo ɗaya na itacen da babu ruwa ko kaɗan a jikinsa yana ba da zafi kusan megajul 19. In danshinsa kashi 20 cikin 100 ne, abin ya sauko wajen 14.7. In kashi 50 ne, bai fi 8.3 ba, domin rabin abin da aka zuba ba ya ci, kuma sai an kashe zafi wajen mai da shi tururi. Ga garin zarto yana toshe ramukan raga. Wuta ta koma ci a kwance, sai aka sa fankar hurawa a ƙarƙashin raga, irin aikin da zugazugin maƙeri ke yi. Wuta ta tashi, tururi ya dawo, kowa ya ji daɗi.

Tun a lokacin akwai alamar da ba a kula da ita ba. Baba ya gaya mini cewa daga ranar da aka sa fankar, in ya buɗe ƙofa tana aiki, hayaƙi yakan ɗan buso masa. Sai ya koya wa kansa rufe marfin iskar fankar kafin ya buɗe, ya jira kaɗan dogon bututu ya kwashe abin da ke ciki, sannan ya zuba itace. Shekara da shekaru yana haka bai taɓa ƙonewa ba.

Matsala ta biyu ta zo daga sama. Iskar da ake hurawa tana ɗaga toka da tartsatsi ta fitar da su ta bututu, suna sauka a kan katakon da aka jibge a fili da rufin maƙwabta. Masana'antar katako ba ta wasa da tartsatsi, saboda haka aka sayo matacin toka, irin mai ƙananan mazurarai da yawa da hayaƙi ke juyawa a ciki kamar guguwa har tokar ta rabu ta faɗi ƙasa. Shawara ce mai kyau. Kuskuren shi ne an dasa shi tsakanin tukunya da dogon bututu ba tare da an tambayi wa zai tura hayaƙin ta cikinsa ba. Takardar matacin ta nuna yana cin ƙarfin milimita 100 na ruwa in hayaƙi yana wucewa yadda aka tsara. Bututun da ke da 7 aka bar wa wannan kaya.

Tiyo da ruwa

Ban fara da wata na'ura mai tsada ba. Siririn tiyo mai haske na lanƙwasa a jikin katako, na zuba ruwa rabi, na soka baki ɗaya a wani rami a bangon ɗakin wuta, ɗayan na bar shi a buɗe. In ɗakin yana zuƙa, ruwan zai tashi ta ɓangaren wuta. In yana turawa, zai tashi ta ɓangaren waje. Da fankar hurawa a buɗe, ruwan ya tashi ta waje da milimita 25 zuwa 30.

Ma'anar wannan ita ce duk wata kafa da ke jikin ɗakin ta zama mafitar hayaƙi. Shaidar tana nan a bango: baƙin layin kunkunniya a kan kowace tsagar bulo, da fentin da ya ƙone a kewayen ƙofa. Yaran da ke aikin dare sun ce ciwon kai ba ya rabuwa da su, sun ɗauka gajiya ce. Wannan ya fi ƙunar hannun tayar mini da hankali. Itacen da ke ci babu wadatacciyar iska yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau fiye da 200. Ranar nan na sa aka buɗe duk tagogin ɗakin, aka kuma rataye na'urar da ke ƙara in iskar ta taru.

Lissafin ya kuma bayyana inda tururin ya tafi. Fankar an saye ta ne don ta ratsa raga da tarin itace kawai. Da aka ɗora mata mataci, iskar da take iya turawa ta ragu zuwa wajen rabi. Turjiyar mataci tana tafiya ne da ninkin gudun hayaƙi a kansa, wato in gudu ya koma rabi, turjiya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kashi ɗaya cikin huɗu na 100 shi ne 25, daidai abin da tiyo ya nuna. Rabin iska, rabin wuta, rabin tururi.

Sai maganar Baba. Na same shi a gida hannu a naɗe, na ce, "Baba, ka ba ni labarin abin da ka yi a ranar, ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Injiniya, abin da na saba shi na yi. Na rufe iska, na jira, na buɗe. Ban ga komai ba sai wuta a jikina."

Gaskiya ya faɗa, kuma a cikin maganarsa amsar take. Kusan kashi 80 cikin 100 na busasshen itace ba a matsayin gawayi yake ci ba. Zafi ne ke fitar da shi ya zama gas, gas ɗin ya haɗu da iska ya kama, shi ne harshen wutar da muke gani. In ka yanke iska, garwashi bai daina gasa itacen ba, gas yana ci gaba da fita. A da dogon bututu yana kwashe shi a ɗan jiran da Baba ke yi. Da mataci ya tare hanya, gas ɗin ya tsaya cik a ɗakin, da zafinsa, ba abin da ya rage masa sai iska. Buɗe ƙofa ya ba shi ita. Dabarar da ta kare mutumin nan shekaru ita ce ta zama tarko ranar da aka canja hanyar hayaƙi ba a gaya masa abin da canjin ke nufi ba. Na rubuta haka a rahotona, na kuma nemi a cire kalmar sakaci daga takardarsa.

Na ce wa manaja, "Ranka ya daɗe, in aka sa babbar fankar hurawa tururi zai dawo, wannan gaskiya ne. Amma ruwan tiyon nan zai tashi ya wuce milimita 100, kuma mutum ne zai riƙa buɗe ƙofar nan sau shida a awa." Bai sake tayar da maganar ba.

Inda kowace fanka take zaune

Bambancin fankokin biyu ya samo asali daga mazauninsu. Ta hurawa tana gaban wuta, iskar waje take ɗiba, mai sanyi da tsabta. Ta zuƙa tana bayan komai, bayan tukunya da mataci, dab da dogon bututu, kuma abin da take ɗauka hayaƙi ne mai zafi da toka da danshi. Duk abin da ke bayan fankar hurawa yana cikin matsi, kafa ta zama mafita. Duk abin da ke gaban fankar zuƙa yana cikin ja, kafa ta zama mashiga.

Dukansu tsofaffin dabaru ne. Tun a 1804 Richard Trevithick ya saki tururin da ya gama aiki a cikin bututun hayaƙin kan jirgin ƙasansa, tururin yana fita yana jan hayaƙi a bayansa, wuta tana ƙara ci. Wannan zuƙa ce, ko da yake babu farfela. A 1882 James Howden, injiniya a Gilasgo ta ƙasar Sikotland, ya yi rajistar tsarinsa na hura iska mai ɗumi a tukwanen jiragen ruwa, kuma masu iza wuta a irin waɗannan jirage sai sun rufe iskar kafin su buɗe ƙofa. A yau tukwanen da ke cin gas ko mai galibi fankar hurawa kaɗai gare su, kuma daidai ne, domin jikinsu waldar ƙarfe ce a rufe ruf, ba mai buɗe su suna ci. Yawancin ƙananan tukwanen itace na zamani da ake ƙerawa a Turai don ɗumama gidaje kuwa fankar zuƙa ake sa musu, saboda mai gida zai buɗe ƙofa a cikin ginin da iyalinsa ke kwana.

Ga lissafin da na yi wa tukunyarmu, domin a nan ne hujjar masu son fankar hurawa take da ƙarfi, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Tan 2 na tururi a awa yana buƙatar a ƙona itacen da ya kai wajen megajul 7,000. Da itace mai danshi kashi 50, wannan kusan kilo 840 ne a awa, rabi itace rabi ruwa. Kowane kilo na tsantsar itace yana buƙatar iska kusan kilo 6 in komai ya haɗu daidai, amma a aikace sai an ƙara, mu ce kilo 9.6. Jimilla iskar ta kai wajen kilo 4,000 a awa, wato kubik mita 3,400. Abin da fankar hurawa za ta ɗauka ke nan. Ita kuwa ta zuƙa za ta ɗauki wannan iskar, da itacen da ya zama hayaƙi, da ruwan da ya zama tururi, wajen kilo 4,900, kuma duk sun kumbura da zafi har sun kai kubik mita 7,000. Ninki biyu. Ga shi za ta ja ta cikin bututan tukunya da mataci, wajen milimita 175, alhali ta hurawa 100 ya ishe ta. Farfelarta ma dole ta zama mai miƙaƙƙun fukafukai masu kauri da toka ba ta maƙalewa sosai, irin wadda ba ta kai ta iska mai tsabta amfani da wutar lantarki yadda ya kamata ba. In aka haɗa duka, ta hurawa ba ta cin kilowat 1.5, ta zuƙa tana neman 6. Ta fi tsada a saye, ta fi cin wuta, ta fi lalacewa.

Gwajin zuƙa kaɗai

An sayo fankar zuƙa mai inji kilowat 7.5 aka dasa bayan mataci. Makaniki ya nace a gwada ta ita kaɗai, a kashe ta hurawa a bar bakinta a buɗe. Na yarda, domin mutum ne mai hankali, kuma na fi son ma'auni ya ba shi amsa da in ba shi da baki.

Safiyar farko injin ya yanke kafin minti biyu. An tashe shi da marfi a buɗe, tukunya da sanyi, sai ya tarar da iska mai nauyin 1.2 maimakon hayaƙi mai 0.7. Ƙarfin da fanka ke ci yana tafiya da nauyin abin da take juyawa, kilowat 6 ya zama kusan 10. Maganin mai sauƙi ne: a tashe ta da marfi a rufe, a riƙa buɗewa sannu a hankali yayin da hayaƙi ke ɗaukar zafi.

Da ta zauna, abin da makaniki ya yi alkawari ya tabbata. Hayaƙi ya ɓace daga ɗakin. An buɗe ƙofa harshen wuta ya kwanta ciki. Yaran dare suka daina ƙorafin ciwon kai. Amma allurar tururi ta ƙi hawa inda ake so.

Don fanka ta jawo iska ta ƙarƙashin raga, ta ratsa jiƙaƙƙen garin zarto, sai da jan da ke ɗakin wuta ya kai milimita 25 zuwa 30. Iska kuwa ba ta bin hanya mai wuya in ga mai sauƙi. Tsagogin nan da a da hayaƙi ke fita ta cikinsu, yanzu ta nan iska ke kwarara ciki, ta gefen ƙofa, ta bakin ramin toka, ta mahaɗar bututai. Tana shiga ta saman itacen ta wuce, ba ta taɓa garwashi ba. Na'urar auna hayaƙi ta nuna oksijin kashi 14 cikin 100. Iskar duniya tana da kashi 21, kuma in ka raba 21 da abin da ya rage bayan ka cire 14, za ka sami 3. Wato iskar da ke ratsa tukunyar ta ninka abin da wutar ke buƙata sau uku: kilo 18 a kan kowane kilo na itace maimakon 9.6. Rarar kilo 8.4 ɗin nan tana shiga da sanyi ta fita da zafin digiri 220, kowane kilo ya tafi da kusan megajul 0.2. Kusan kashi 9 cikin 100 na zafin itacen ke nan ake ɗumama sararin sama da shi. Fankar tana aiki iya ƙarfinta, amma rabin kayanta iskar banza ce.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, da ja mai ƙarfi haka, iska mai sanyi tana faɗawa ciki da gudu ta doki farantin da bututan tukunya ke kafe a jikinsa. Ƙarfe mai zafi da ake watsa wa sanyi sau shida a awa, yana miƙewa yana tsukewa, ƙarshensa yoyo ne a bakin bututai. Iskar tana kuma ɗaga garin zarto kafin ya ci, ta kai shi mataci yana ja. Mun buɗe ramin tokar mataci muka tarar da baƙin gawayi fiye da toka, wani yana ci a hankali.

Makaniki da kansa ya zo ya ce, "Injiniya, a tayar da waccan ma mu gani."

Biyun tare

Abin da muka koma a kai shi ne raba aiki. Fankar hurawa ta ɗauki nauyin ratsa raga da itace, ita ke ƙayyade yawan iskar da wuta ke samu. Fankar zuƙa ta ɗauki nauyin bututan tukunya da mataci, ita ke tabbatar da hayaƙi ya bi hanyarsa. A tsakiyarsu, a ɗakin wuta, aka tsayar da ja ɗan kaɗan, milimita 3 zuwa 5. Wannan ya isa hana hayaƙi fita, bai kuma kai ya jawo iskar banza mai yawa ba. Haka yawancin manyan tukwanen da ke cin itace ko kwal suke aiki.

Mun sa wa fankar zuƙa na'urar sarrafa gudu da ke karanta jan ɗakin wuta tana ƙara gudu ko ragewa. Amfaninta ya wuce daidaita ja. Ƙarfin da fanka ke ci yana tafiya da gudunta ninki uku a kansa, saboda haka in gudu ya sauko zuwa kashi 80, wutar da take ci ta koma kusan rabi. Matsalar tashi da sanyi ma ta kau, tunda a hankali take hawa.

Kafin wannan duka sai da muka yi kwana uku muna toshe kafofi: sabuwar igiyar da ba ta cin wuta a bakin ƙofa, cike tsagogin bulo, gyaran murfin ramin tokar mataci. Wannan na ƙarshe mutane suna raina shi. In iska tana shiga ta ƙasan mataci, tokar da ya tara take sake ɗagawa ta kai wa farfela.

Gyaran da ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda zuƙa kaɗai ba za ta taɓa iya yi ba. Tunda yawancin itace a matsayin gas yake ci a saman tarin, can ne ake buƙatar iska mai yawa, kuma mai gudu, wadda za ta huda harshen wuta ta gauraya da shi. Muka raba bututun fankar hurawa biyu, reshe ɗaya ƙarƙashin raga, ɗaya zuwa jerin ƙananan ramuka a bangon ɗakin sama da itace, kowanne da marfinsa. Da aka rage ta ƙasa, tartsatsi da garin zarto suka daina tashi sosai. Da aka buɗe ta sama, wutar ta tashi daga ja mai duhu ta koma rawaya mai haske, baƙin hayaƙin da ke biyo bayan kowane zubi ya ragu ƙwarai. Oksijin ya zauna wajen kashi 8, wato rarar iska kusan kashi 60 cikin 100, tururi ya kai inda aka ƙera tukunyar ta kai. Fanka mai ja daga nesa ba ta da ikon cewa iska ta shiga ta nan kada ta shiga ta can. Mai turawa ce ke da wannan iko.

Sai tsare-tsaren kariya, waɗanda ban yarda a ɗaga su zuwa wani wata ba. Ta hurawa ba ta tashi sai ta zuƙa tana gudu. In ta zuƙa ta tsaya ko bel ɗinta ya tsinke, ta hurawa ta mutu nan take. In aka ɗaga sakatar ƙofa, ta hurawa ta yanke, ta zuƙa ta ci gaba, domin gas ɗin da ya ƙona Baba ya sami mai kwashe shi. Muka kuma yi wata hanya da ke kewaye mataci da fanka ta tafi dogon bututu kai tsaye, da marfi mai nauyi da ke buɗe kansa in wutar lantarki ta ɗauke. Mai ƙona gas yana rufe famfo wuta ta mutu. Mai ƙona itace yana da ɗaruruwan kilo a kan raga da za su ci gaba da fitar da gas ko da fanka ko babu, kuma milimita 7 na tsohon bututun nan su ne abin dogaro a wannan lokaci.

Abin da fankar zuƙa ta ci gaba da nema

Bayan mako shida aka kira ni, fankar tana girgiza har ana ji a ƙasa. Mun buɗe muka tarar da baƙin kwalta gauraye da toka ya daskare a fukafukai, wani ɓangare ya ɓalle ya bar nauyi a gefe guda. Asalin abin daga aikin dare ne. In buƙatar tururi ta ragu, sai a cika ɗakin da ɗanyen itace a rage iska don ya kai safe. Wuta mai sanyi tana fitar da kwalta, hayaƙin kuma yana isa fanka ƙasa da digiri 120, sai ya kwanta a kan ƙarfe. Aka kankare, aka daidaita farfelar, aka kuma canja yadda ake iza wutar dare: zubi kaɗan-kaɗan, da mafi bushewar itacen da ke akwai. Boris ɗin da sandar farfela ke juyawa a cikinsa, na kusa da jikin fankar, yana ɗaukar zafi ta sandar, shi ma aka sa masa faifan da ke fifita shi da giris mai jure zafi. Ita kuwa fankar hurawa, in ban da share ragar bakinta, ba wanda ya taɓa ta.

Baba ya dawo aiki a wata na uku. Na'urar sarrafa gudu tana nuna jan ɗakin wuta da lambobi a allo, amma ya roƙi a bar masa tiyon nan a bango, kuma shi yake kallo kafin ya ɗaga sakata. Na goyi bayansa, domin bututun da ke kai wa na'urar labari yana iya toshewa da toka ta ci gaba da nuna lambar jiya, sai an riƙa busa shi duk mako.

Abu biyu suka rage. Ɓawon gungumen da aka ja a ƙasa yana zuwa da yashi, mataci ba ya kama mafi laushinsa, kuma a wata na shida na ga gindin fukafukan farfela ya fara cinyewa. An yi musu waldar faranti mai tauri, na auna kaurinsu na rubuta, zan sake aunawa bayan wata shida. Na biyu shi ne rumfar shanya itace. Na nuna wa manaja cewa in danshi ya sauko daga kashi 50 zuwa 20, kilo 840 da ake zubawa a awa zai koma wajen 480, buɗe ƙofa zai ragu, hayaƙin da fankar zuƙa ke ɗauka zai ragu da wajen kilo 750 a awa, kwaltar dare ma za ta yi sauƙi. Ya karɓi takardar, an auna filin da ke bayan ɗakin tukunya, amma har zuwana na ƙarshe ba a kafa ginshiƙi ko ɗaya ba, kuma ɗanyen ɓawo ake turowa a baro kai tsaye daga bakin zarto.